Tauraron Ɗantsoho Ya Ƙi Hawa Murhu

Ni da Ɗantsoho danga ɗaya ce ta raba mu a Garin Dogo, yamma da Maigatari, saboda haka kada wani ya ce mini ji na yi. Da idona na gani, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci tukuna kafin dariya ta zo.

Mutumin nan tun yana saurayi bakinsa ya fi hannunsa aiki. Gonarsa ce ta ƙarshe a nome duk shekara, amma shi ke koya wa mutane riƙon fartanya. To, a ƙarshen ranin wata shekara sai wani Bature mai awon ƙasa ya biyo yana duba turakun iyaka tsakaninmu da Damagaram. Aka nemi 'yan dako, Ɗantsoho ya shiga cikinsu. Ya yi kwana ashirin yana ɗaukar akwati a ka, ya dawo mana a farkon bazara da wani madubin hangen nesa na tagulla, dogo kamar zungurun ludayi, duk ya lotse a gindi. Daga kan doki ya faɗo, Bature ya ga ba ya so, ya miƙa masa.

Ko ƙurar hanya bai wanke ba ya zo ƙofar mai gari Dogo, inda dattawa ke zama gindin tsamiya.

"Ku dai kuna nan kuna kallon sama kamar awaki," in ji shi. "Akwai wani tauraro a can wanda ba tauraro ba ne. Dutse ne, ƙaton dutse, yana yawo tsakanin taurarin nan biyu, Mirrihi da Mushtari. Tafinta ya gaya mini da bakinsa. Kullum kafin asuba Bature sai ya leƙa shi, ya ɗiga masa tawada a takarda. Sauran taurari kowa na riƙe da maƙwabcinsa, shi kuwa kullum sai ya ɗan gusa."

Liman Malam Hussaini ya shafa gemu. "Mirrihi da Mushtari kam suna cikin littafi. Dutsen ne ban taɓa cin karo da shi ba."

"Littafinku ya tsufa, Malam."

Iya Yelwa, tsohuwar da ke sayar da daddawa a gefen masallaci, ta ɗago kai. "Dutse a sama? Wa ya jefa shi? In dai kai ne, na san ba nan ka nufa ba."

Aka yi dariya. Amma abin takaicin shi ne, a wannan karon ba ƙarya ya yi ba. Washegari kafin kiran asalatu ya tashe mu, ni da Malam da mai gari, ya juya mu kudu. Ga taurari uku nan a jere kamar duwatsun murhu, biyu ƙasa ɗaya sama. Na sa ido a bututun, na sha wahala, can sai na ga wani ɗan ɗigo a gefensu, bai fi ƙwayar gero ba. Bayan kwana huɗu muka sake leƙawa, wallahi ya matso. Malam ya yi tasbihi. Mai gari ya ce ikon Allah. Ɗantsoho kuwa ya kumbura har rigarsa ta yi masa kaɗan.

Da ya tsaya nan da mun gode masa. Ina! Ran nan da hantsi ya zo gindin tsamiya da sabuwar magana.

"Na gano inda ya dosa. Tsakiyar murhun nan zai shiga. To, me ake ɗorawa a murhu?"

"Tukunya," in ji wani.

"Me ake zubawa a tukunya?"

"Ruwa."

"To kun ji. Ran da ya shiga tsakiya an ɗora tukunya ke nan, ran nan ruwan shuka zai sauka."

Malam Hussaini ya ce, "Baturen ne ya faɗi haka?"

"Bature bai kai nan ba. Shi awo ya iya, fassara tawa ce."

"Gaibu dai sai Allah, Ɗantsoho."

"Ai Shi ne Ya ba ni bututun, Malam."

Daga ran nan unguwarmu ba ta ƙara samun lafiya ba. Da farko ya ce hannunsa na rawa, Bature kuwa a kan ƙafa uku yake ɗora nasa. Sai ya bi gidaje da almuru ya kwashe taɓare uku, ta matarsa Hannatu, ta matata, da ta Iya Yelwa, ya ɗaure kawunansu da igiyar guga ya kafa a ƙofar gida. Da asuba mata suka tashi surfe, ga turmi ba taɓarya. Iya Yelwa ta fito tana masifa, ta hango tata a tsaye kamar an kama ta da laifi. Yana tsaye a gindinsu yana leƙe, ta zo ta fizge abarta. Sauran biyun suka rufto masa a babban yatsa. Ihun da ya yi ya riga ladan tashin mutane.

"Iya, kin san abin da kika rushe kuwa? Ilmi ne!"

"To ka daka ilmin ka sha kunu da shi."

Sannan ya ce yana bukatar takarda irin ta Bature. Da babu, sai ya shiga madafar Hannatu ya ciro duwatsun murhunta uku, ya jera su a ƙofar zaure, ya ajiye ƙwayar gujiya a gefe a matsayin tauraron. Kullum da safe zai matsar da ita. Hannatu ta zo ɗora tuwo ta tarar da toka kawai. Ita mace ce mai kawaici, ba ta ɗaga murya. Ta fito ta durƙusa ta ce, "Maigida, in sama ta gama da duwatsun nan, ƙasa na so ta yi girki." Ta kwashe abinta. Ya maye su da ɓaraguzan suri. Bayan kwana shida akuyar mai gari ta biyo ta lashe gujiyar. Ya bi ta da gudu har bakin rijiya yana ɗingishi yana cewa ta cinye masa lissafin kwana shida, mutane na tambayarsa ko yanzu a cikin akuya za a yi ruwan. Daga nan ya koma amfani da tsakuwa.

Na uku shi ne babba. Ya ce kukar bayan gidana tana tare masa sama, dole ya hau bisa. Ya rasa abin hawa sai rumbunsa, rumbun da gara ta gama da shi, ba komai a ciki sai ƙaiƙayi da kashin ɓera. Ina alwalar asuba na ji ruf! Sai wata murya daga cikin rumbu tana salati. Maƙwabta suka fito da sanduna, an ɗauka ɓarawo ne, aka dinga jibgar rumbun ta ko'ina.

"Ni ne! Ni ne Ɗantsoho!"

Wani ya ce, "Ƙarya ne, Ɗantsoho ya san ba komai a rumbun nan." Ya ƙara masa biyu.

Da ƙafa muka jawo shi, fari fat da ƙaiƙayi, bututun a ƙarƙashinsa. Na ce, "Maƙwabci, madubin bai taɓu ba?" Ya yi wuf ya cusa shi cikin riga.

"Ƙarfen Turawa ne, me zai same shi?"

Amma tun daga ran nan bai ƙara barin kowa ya leƙa ba. Ya ce idon jama'a na firgita tauraron. Shi kaɗai zai fito, ya ɗaga bututun sama, ya yi gyaran murya yadda za mu ji ta danga, da safe ya matsar da tsakuwarsa faɗin yatsa ɗaya. Kullum yatsa ɗaya, ba daɗi ba ragi. Ya auna abin da ya rage da tsinke, ya ce ran Juma'a ta huɗu tsakuwa za ta shiga tsakiya, duk mai hankali ya shirya irinsa.

Ba wanda ya shirya. Mu dai dariyarmu muke yi, don ba mu san abin zai kai ga tulun Hannatu ba.

Bari in gaya muku tulun nan. Ƙaramin tulu ne, bakinsa liƙe da laka, cike da irin gero gauraye da toka. Geron uwarta ne, mai saurin nuna, ana yanka shi sauran gero na fitar da kai. Shekarar babbar yunwa, lokacin da mutane suka ci tafasa da ƙarangiya, uwar ta binne shi ƙarƙashin gadonta. 'Ya'yanta na kuka, tana kuka, ba ta taɓa shi ba. Ita ba ta ga damina ta gaba ba, amma geron ya gani. Duk shekara Hannatu ke zaɓen zangarniya mafi kyau ta sake cika tulun. Irin Ɗantsoho kuwa tun da kaka ya zama fura. Abin da gidan nan zai shuka a bana, kaf, yana cikin tulun nan.

Saura kwana tara Juma'ar ta cika na ji su ta danga.

"Ke Hannatu, fito da tulun nan, binne zan yi. Ruwa na sauka nawa ya riga na kowa tsira."

Binne dai ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Mutum kan zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa, amma sai iska ta juyo daga kudu, sai an fara ganin walƙiya a gabas da almuru. Ran nan kuwa ko gajimare kamar tafin hannu babu.

Hannatu ta ce, "Maigida, ko shamuwa ba ta iso ba."

"Shamuwa tsuntsuwa ce, me ta sani? Ta taɓa bin Bature?"

"Ba ta taɓa ba. Amma ba ta taɓa faɗawa rumbu ba."

"Ni kike gaya wa magana?"

"Ka yi haƙuri. Ka ɗauki zanena, ka ɗauki tasoshina, duk ka kai wa tauraron. Tulun nan dai ka bar shi, na roƙe ka don Allah."

Ya juya ya fita, ta ɗauka ya haƙura. Washegari ran kasuwar Maigatari ce, ta bi mata da sassafe ta kai garin kuka da kuɓewa busasshiya sayarwa. Tana ba da baya ya fasa bakin tulun, ya saɓi sungumi ya nufi gona. Shuka aikin mutum biyu ce, mai sara da mai zuba iri, amma wa zai bi shi? Shi kaɗai ya yi, kuma irin aikinsa: ya ɗan karci ƙasa, ya watsa, ya shure da ƙafa, rabin irin a fili. Na bi shi har gonar ina ba shi magana.

"Maƙwabci, dubi bayanka."

Zabin daji ne, sun fi talatin, suna binsa layi-layi kamar masu gayya.

"Hassada ce ke damunka," in ji shi. "Abin da zabo zai ci ai zakka ce."

Da la'asar Hannatu ta dawo ta ga tulun a kife. Na jira in ji kuka, ban ji ba. Ta zauna a gefensa har magariba, ba ta hura wuta ba ran nan. Wallahi da ba don girman gemu ba da na tsallaka dangar nan na shaƙe shi.

Ran Juma'ar kuwa Garin Dogo kaf aka fito kafin asalatu, don shi da kansa ya bi gida-gida yana gayyata. Aka taru ƙofar mai gari. Wasu matan don tsiya har da ƙore da tukwane suka zo, wai tarbar ruwa. Sai ga Ɗantsoho da malafa a ka, ya yafa buzu a kafaɗa kada ya jiƙe, ya naɗe wando har gwiwa saboda taɓo. Sama kuwa tas, taurari kamar an watsa gishiri.

Ya ɗaga bututun, ya daɗe, ya yi gyaran murya.

"Alhamdu lillahi! Ya shiga! Tukunya ta hau murhu. Kowa ya nemi mafaka."

Ba wanda ya motsa. Wani jaki ya yi kuka a bayan gari.

Mai gari Dogo ya ce, "To madalla. Ba Malam ya gani."

"Ranka ya daɗe, idon jama'a..."

"Malam ba jama'a ba ne. Ba shi."

Ana cikin haka sai ga Manu, Bafulatanin da ke da ruga a arewa da gari, ya koro shanunsa zuwa rijiya kafin layi ya yi tsawo. Shi da Ɗantsoho abokan wasa ne, shi Bafulatani, Ɗantsoho Bamange, dangin Barebari, ba sa haɗuwa su rabu lafiya. Ya tsaya ya rataya sanda a wuya.

"Lafiya, mutanen gari? Wata kuke nema a tsakiyar wata?"

Aka gaya masa. Ya ɗaga kai ya dubi kudu, ko ƙyafta ido bai yi ba.

"Wai baƙon nan na gefen taurari uku? Ai ya juya."

Ɗantsoho ya ce, "Ya me?"

"Ya juya, bawana. Tun da na ji ana zancensa nake dubansa in na tashi duba shanu. Ya zo kusa da bakin murhun, ya rage tafiya, ya tsaya kwana biyar ko shida kamar saniyar da ta ji ƙanshin kura, sannan ya koma ta inda ya fito. Yau kusan sati uku ke nan. Har ya ƙara haske, yanzu ko ba ƙarfe ana ganinsa."

Ya miƙa sandarsa. Muka bi ta da ido. Masu ƙarfin gani suka fara cewa ga shi, ga shi. Ni ma da na ƙura ido na gan shi, ɗan ɗigon nan, can waje, kusan inda muka fara ganinsa ran farko. Tsakiyar murhu kuwa wayam.

"Ƙarya ne!" in ji Ɗantsoho. "Wannan wani ne. Ƙaninsa ne. Nawa na ciki, sai da madubi!"

Mai gari ya miƙa hannu ya zare bututun daga hammatarsa ya ba Malam Hussaini. Malam ya sa ido, ya cire, ya juya ɗaya bakin, ya sake sawa.

"Ni dai duhu nake gani."

Ya girgiza shi. Sai ƙaras-ƙaras, gutsattsarin gilashi suka zubo a tafin hannunsa. Aka kawo fitilar aci-bal-bal aka haska ciki. Jama'a, ginin zanzaro ne a ciki, ɗaki uku, laka ta bushe ƙamas. Tun ran da ya faɗa rumbu madubin ya tarwatse. Wata guda mutumin nan yana fitowa yana leƙen ɗakin zanzaro, yana matsar mana da tsakuwa.

Sai wuri ya fashe da dariya. Wani ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Mata suka kife ƙoren da suka kawo suna kaɗawa.

Ɗantsoho bai saduda ba. "Sandar Bafulatanin nan ce ta kore shi! Wa ya ce a nuna tauraro da sanda?"

Manu ya ce, "Yau na fara nuna shi, bawana. Shi kuwa tun kana cikin rumbu ya fara tunanin komawa."

Iya Yelwa ta ce, "Yaron kirki ne tauraron nan. Ya leƙo ya ga gidan da za a ɗora shi ba abin dafawa, ya ce a kai kasuwa."

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Hannatu na tsaye a bayan mata. Da aka idar da salla gari ya waye, ta nufi gona, muka bi ta a baya. Kowane rami an tone shi. Sawun zabi, sawun kurciya, ramukan gafiya, ga tururuwa ta yi hanya baƙa ƙirin daga tsakiyar gona zuwa gindin wata sabara. Malam ya tona rami goma, ya sami ƙwaya biyu. Nan dariyar kowa ta ɗauke.

Ruwa bai sauka ba sai bayan kwana ashirin da uku, kwana huɗu da isowar shamuwa. Mai gari ya ce ba za a bar gona ta kwana ba shuka ba saboda Hannatu, kowane gida ya ba da iri cikin bututun nan sau ɗaya, amma Ɗantsoho ne zai bi da kansa ya karɓa. Aka fasa ginin zanzaron, aka toshe gindin da tsumma. Haka ya bi gari gida-gida yana sallama. A ƙofar Iya Yelwa sai da ta cika shi ta ce ya leƙa.

"Me ka hango?"

"Gero, Iya."

"To yau ka yi gani na gaskiya. Wuce."

Gonarsa a shekarar abin kallo ce. Nan gero, nan maiwa, nan dawa, can wake, wani ma don mugunta yakuwa ya zuba masa. Kowanne ya nuna ran da ya ga dama, tsuntsaye suka yi wata uku suna biki. Shi kuwa yana gaya wa baƙi a kasuwa wai sabon salon noma ne da ya koyo wurin Bature.

Ita Hannatu, tun ran Juma'ar nan da muka watse ta koma gona ita kaɗai da fartanya da faifai. Ta bi hanyar tururuwar nan har gindin sabara ta tona gidansu, kamar yadda ta ga uwarta ta yi a shekarar yunwa. Tururuwa ta cije ta har gwiwar hannu. Ta sheƙe ƙasar, ta tsince ƙwaya-ƙwaya, ta sami abin da bai cika tafi ɗaya ba. Ba ta kai shi gonar mijinta ba. A bayan ɗakin matata ta shuka shi, ta kewaye da ƙaya.

Da kaka ya ba ta zangarniya goma sha ɗaya. Tana zaune a tsakar gidana tana murje su cikin tulun, sai ga kan Ɗantsoho ya leƙo ta saman danga, baki har kunne.

"A'a! Irinmu ya tsira! Ai na gaya muku ƙasa ba ta cin amana. Miƙo shi nan in adana mana."

Hannatu ta zuba toka, ta liƙe bakin tulun da laka, ta shafe shi sumul. Ta miƙe ta ɗora shi a ka, ta bi ta gabansa ta nufi ɗakin Iya Yelwa. A bakin ƙofa ta tsaya, ta ɗan rusuna kamar yadda ta saba.

"Yana wurin Iya, Maigida. Ran da tauraronka ya hau murhu, ka zo ka karɓa."